Tafiyar Aristo Daga Atina Zuwa Zaurukan Malamai

Wajen ƙarshen ƙarni na 15 na Miladiyya wata gardama ta tashi tsakanin manyan malamai biyu waɗanda sunayensu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Ɗaya shi ne Jalaluddin al-Suyuɗi na Alƙahira, wanda ya rasu a 1505, mai rabin Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a watan azumi. Ɗayan kuwa Shaihu Muhammadu ibn Abdulkarim al-Magili ne, mutumin Tilimsan, wanda ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), har ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Abin da ya haɗa su shi ne ilmin manɗiƙi, watau fannin da ke koyar da yadda ake jera hujja har ta haifi sakamako. Suyuɗi ya yi fatawa cewa haramun ne Musulmi ya shagala da shi, domin ilmi ne na kafiran Yunan. Magili ya aika masa da baitoci yana mamakinsa, yana nuna cewa kafircin wanda ya fara tsara wani fanni ba ya ɓata fannin, muddin abin da ke cikinsa daidai ne. Suyuɗi ya mayar da amsa, shi ma cikin waƙa, ya kafa hujja da hadisin da aka hana Sayyidina Umar duba wani rubutu da aka ciro daga Attaura.

Mutumin da ake wannan jayayya a kansa ya yi kimanin shekara 1,800 da mutuwa a lokacin. Bai taɓa jin Larabci ba, bai kuma san da wata ƙasa a kudancin Sahara mai sarki da alƙalai ba. Yadda aka yi tunaninsa ya iso har nan, da kamannin da ya riƙa sauyawa a kowane zango, yana daga cikin labarai masu ban mamaki a tarihin ilmi.

An haifi Aristo, ko Arisɗaɗalis kamar yadda Larabawa suke rubutawa, a garin Istagira na arewacin Girka a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ya yi kusan shekara 20 yana ɗalibta a makarantar Aflaɗun a Atina, sa'an nan ya koyar da Iskandar ɗan sarkin Makidoniya, daga baya ya koma Atina ya buɗe tasa makarantar wajen 335. Ya mutu a 322. Littattafan da ya ƙawata domin jama'a duk sun salwanta, sai ɗan guntattaki. Abin da ya tsira shi ne takardun darasi, dunƙulallu, masu wuyar haɗiya, waɗanda wani malami mai suna Andronikus ya tattara ya jera a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan tun daga tushe Aristo ba ya karantuwa sai da mai jagora, kuma kowane mai jagora da inda ya dosa. Wannan ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya.

A cikin takardun nan akwai abubuwa biyu da suka rabu a hanya. Na farko kayan aiki ne, watau manɗiƙi: yadda ake rarraba abubuwa jinsi-jinsi, da yadda maganganu biyu ke haifar da ta uku, da bambancin abin da ya zama dole, da abin da ba ya yiwuwa, da abin da yake yiwuwa. Na biyu kuwa ra'ayinsa ne game da duniya. A wurinsa duniya daɗaɗɗiya ce, ba ta da farko, kuma a ƙolin komai akwai wani mai motsarwa wanda shi ba ya motsi, ba ya kuma shagala da tunanin komai sai kansa. Irin wannan ubangiji bai halicci kowa ba, ba ya aiko manzo, ba ya jin addu'a. Yahudawa da Kiristoci da Musulmi duk sun yi sha'awar kayan aikin, duk kuma sun rasa inda za su sauke wancan kaya na biyu.

Waɗanda suka fara gyara masa fuska 'yan yarensa ne. A ƙarni na 3 na Miladiyya Farfuriyus, mutumin Taya, almajirin Aflutin, ya rubuta wata 'yar gabatarwa ga manɗiƙin Aristo wadda aka sani da Isaguji, kalmar da ke nufin mashiga a Girkanci. Shi da mabiyansa sun ɗauka cewa Aristo da Aflaɗun ba su saɓa ba, sai dai ɗaya matakala ne zuwa ga ɗayan, alhali kuwa almajirin ya soki malaminsa a wurare da yawa. A Iskandariyya kuma, a ƙarni na 6, wani Kirista da Larabawa ke kira Yahaya al-Nahawi ya ɗauki wata ƙa'ida ta Aristo, cewa ba a iya ƙetare abin da ba shi da iyaka, ya juya ta kan mai ita. Ya ce in da duniya ba ta da farko, da kwanakin da suka shige ba su da iyaka, da kuma ba a taɓa isowa ga yau ba. Wannan hujja ta yi tsawon rai fiye da mai ita, domin ita ce malaman tauhidi na Musulunci suka yi ta sarrafawa wajen tabbatar da cewa duniya fararriya ce.

A shekarar 529 Sarkin Rum Jastiniyan ya hana waɗanda ba Kiristoci ba koyarwa, makarantar Atina ta watse, wasu malamanta suka nemi mafaka na ɗan lokaci a fadar Kisra Anushirwan na Farisa. Amma karatun bai mutu ba. Ya koma gidajen ibadar ruhubanawa na Sham da Iraƙi, cikin harshen Suryaniyanci, inda malamai irin su Sarjis na Ra'asul Aini, wanda ya rasu a 536, suka yi masa hidima. Bukatarsu a fili take: Kiristocin Gabas sun rarrabu a kan ɗabi'ar Almasihu, kuma kowane ɓangare yana neman makamin kayar da ɗan'uwansa. Farabi ya ba da labarin cewa shugabannin coci sun yanka wa ɗalibai iyaka a cikin littattafan manɗiƙi, suka ce abin da ya wuce nan yana da haɗari ga imani. A yammacin Turai abin ya fi haka ƙuntata. Bo'etiyus, wanda aka kashe wajen 524, ya yi niyyar mayar da dukan Aristo cikin Latin, ajali bai bar shi ba, aka yi kusan ƙarni shida Turawan yamma ba su san komai nasa ba sai ƙananan littattafai biyu da Isaguji.

Bagadaza

Halifa Mansur ya kafa Bagadaza a 762, kuma a cikin ƙarni biyu da suka biyo baya aka juya kusan duk abin da hannu ya kai gare shi na ilmin Yunan zuwa Larabci. Ibn al-Nadim, a littafinsa al-Fihrist na 987, ya kawo labarin cewa Halifa Ma'amun (813-833) ya yi mafarki da wani dattijo mai faɗin goshi, aka ce masa Aristo ne, ya tambaye shi ma'anar kyakkyawan abu, kuma wai wannan mafarki ne ya sa aka aika ƙasar Rum neman littattafai. Labari ne mai daɗin ji, amma aikin ya girme shi. Tun wajen 782 Halifa Mahadi, kakan Ma'amun, ya sa Timoti na Ɗaya, babban limamin Kiristocin Gabas, ya fassara masa littafin Aristo na dabarun jayayya, kuma ba abin mamaki ba ne shugaban daula mai addinai da yawa ya fara da wannan. Haka kuma Baitul Hikma, wadda aka daɗe ana kwatanta ta da wata babbar jami'ar fassara, binciken Dimitri Gutas na 1998 ya nuna cewa ɗakin ajiye littattafai ne na fada. Kuɗin aikin daga aljihun wazirai da likitoci da attajirai ya fi fitowa. An ruwaito cewa 'ya'yan Musa ibn Shakir su uku suna kashe kimanin dinari 500 a wata kan masu fassara. Yaɗuwar takarda a ƙarshen ƙarni na 8 ta sauƙaƙa sauran.

Galibin masu fassarar Kiristoci ne, irin su Hunain ibn Ishaƙ (809-873) da ɗansa Ishaƙ, kuma sau da yawa sai littafi ya bi ta Suryaniyanci kafin ya shiga Larabci. Sun yi fama da rashin kalmomi. Wani wurin suka ari ta Girkanci, ta haka aka sami falsafa. Wani wurin suka ari ta Farisanci, kamar jauhar. Wani wurin kuma suka ɗora sabuwar ma'ana kan tsohuwar kalma, kamar ƙiyasi, wadda malaman fiƙihu suka riga suka mallaka da wata manufa dabam.

Sai dai Ariston da ya fito daga wannan tukunya ba shi ne wanda ya shiga ba. Akwai wani littafi da aka fassara a da'irar al-Kindi, wanda ake wa laƙabi da failasufin Larabawa, aka sa masa suna Usulujiya, watau tauhidin Aristo, aka miƙa wa Ahmad ɗan Halifa Mu'utasim. Ko kalma guda ta Aristo babu a ciki. An ciro shi ne daga rubuce-rubucen Aflutin, wanda ya zo bayan Aristo da fiye da shekara 500, ya kuma koyar da cewa komai yana ɓuɓɓugowa ne daga Ɗaya kamar yadda haske ke fitowa daga rana, rai kuma baƙo ne a jiki mai begen komawa asalinsa. Da wannan littafi mai motsarwar nan da ba ruwansa da kowa ya zama tushen samuwar komai, aka sami Aristo wanda mai tauhidi zai iya zama da shi a tabarma ɗaya. Mai son aibatawa zai ce jabu ne. Amma da wuya a ce da Ariston ainihi zai sami masauki a Bagadaza in ba da wannan rigar aro ba.

Wani sauyin kuma rashin sani ne ya jawo shi. Aristo yana da littafi a kan waƙa, wanda galibinsa magana ce a kan wasan kwaikwayo na Girkawa, na ban tausayi da na ban dariya. Abu Bishir Matta, wanda ya rasu a 940, bai taɓa ganin dandalin wasa ba, saboda haka ya fassara na farko da yabo, na biyu da zambo, domin su ne ya sani a waƙar Larabawa. Ibn Rushd ya zo daga baya ya cika sharhinsa da misalan mawaƙan Larabawa, ya fitar da littafi mai ma'ana a kan abin da Aristo bai nufa ba. Babban littafinsa na siyasa kuwa bai shiga hannun malaman Musulmi ba. Saboda haka suka gina tunaninsu na mulki a kan Aflaɗun da sarkinsa mai hikima, wanda Farabi, da ya rasu a 950, ya ga ya yi kama da annabi mai shari'a. A gurbinsa wani littafin jabu, Sirrul Asrar, wai nasihar Aristo ga Iskandar, ya cika fadodin sarakuna daga Farisa har Ingila.

Tun a lokacin akwai masu ja. Wajen 932, a majalisar Waziri Ibn al-Furat, aka haɗa Matta da malamin nahawu Abu Sa'id al-Sirafi. Matta ya ce manɗiƙi ma'auni ne na dukan 'yan Adam, kamar yadda lissafi ba ya da ƙabila. Sirafi ya ce ba komai ba ne illa nahawun Girkanci, kuma yaya mutumin da bai iya Girkanci ba, Larabcinsa ma da gyara, zai koya wa Larabawa tunani da littafin da ya bi ta harsuna uku? Wanda ya rubuta labarin, Abu Hayyan al-Tauhidi, ya ba Sirafi nasara. Duk da haka tambayar da Sirafi ya ɗaga, ko tunani yana iya rabuwa da harshen da aka haife shi a ciki, ba ta kwanta ba har yau.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya faɗa a tarihin kansa cewa ya karanta littafin Aristo na abin da ke bayan ɗabi'a sau 40 har ya haddace shi bai gane ba, sai da ya sayi wani ɗan littafin Farabi a kasuwa kan dirhami uku. Da ya gane kuwa bai tsaya ga sharhi ba, rushewa ya yi ya sake gini. Ya ɗauki kashe-kashen nan na manɗiƙi, dole da mai yiwuwa, ya mayar da su ginshiƙin tauhidi. Duk abin da ake gani, in ji shi, samuwarsa da rashinsa daidai suke, saboda haka yana bukatar wanda zai rinjayar da samuwar tasa, kuma jerin ba zai tsaya ba sai ga Wanda samuwarsa wajiba ce don zatinsa. Daga zamaninsa, in an ce falsafa a gabashin duniyar Musulmi, Ibn Sina ake nufi. Littattafan Aristo kansu suka koma ƙasan adaka.

Shi ya sa da Imam Gazali (1058-1111) ya tashi yaƙar masu falsafa a Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a 1095, Farabi da Ibn Sina ya sa a gaba. Ya ƙirga mas'aloli 20, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah ba ya sanin ɗaiɗaikun abubuwa, da musun tashin jikkuna. Ya kuma ce ba wuta ce ke ƙona auduga ba, Allah ne ke halittar ƙunar a yayin haɗuwarsu, abin da ido ya gani kawai shi ne ɗaya ya biyo bayan ɗaya. An daɗe ana cewa da wannan littafi ya kashe falsafa. Abin da aka cika mantawa shi ne, wannan Gazalin ne ya rubuta littattafai a kan manɗiƙi, ya canza wa istilahohinsa suna domin kada su tsorata malaman fiƙihu, ya nuna cewa ana samun sigoginsa a cikin hujjojin Alƙur'ani, har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙihu, al-Mustasfa, da gabatarwar manɗiƙi, yana cewa wanda bai san shi ba ba a amince wa ilminsa. Ya rufe wa Aristo ƙofar zaure, ya shigo da kayan aikinsa har tsakar gida. Bayansa Fakhruddin al-Razi, wanda ya rasu a 1210, ya cuɗa ilmin tauhidi da na Ibn Sina har ya zama da wuya a raba su. Ibn al-Salah da Ibn Taimiyya sun yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, amma manɗiƙi ya zauna daram a makarantun Misira da Istanbul da Farisa da Indiya. Maganar Ernest Renan ta 1852, cewa falsafa ta ƙare a ƙasashen Musulmi da mutuwar Ibn Rushd, masana sun yi watsi da ita.

Kurɗuba da Paris

Malaman Malikiyya sun san Ibn Rushd (1126-1198) da Bidayatul Mujtahid, suna kiransa jikan domin bambanta shi da kakansa. Alƙali ne a Ishbiliya da Kurɗuba. Wajen 1169 Ibn Ɗufail ya gabatar da shi ga Sarkin Muwahhidun Abu Ya'aƙub Yusuf, wanda ya koka da duhun maganar Aristo, ya nemi a warware masa. Ibn Rushd ya shafe kusan shekara 30 yana sharhi, gajere da matsakaici da dogo, da niyyar kankare duk abin da Ibn Sina ya shafa wa Aristo. Ya mayar wa Gazali martani, ya kuma yi fatawa a Faslul Maƙal cewa shari'a ta wajabta nazari a kan wanda ya cancanta. A 1195 aka kore shi zuwa Lusena, aka ƙona wasu littattafansa. An yafe masa, ya rasu a Marrakush. Ibn Arabi, wanda ya halarta, ya ba da labarin cewa da aka ɗauko gawarsa zuwa Kurɗuba, an ɗora akwatin a gefe guda na dabba, aka daidaita nauyin da littattafansa a ɗaya gefen.

Magadansa na gaskiya ba su fito daga cikin Larabawa ba. Bayan Kiristoci sun ci Tulaiɗila a 1085, garin ya zama kasuwar fassara, inda Jirad na Kiremona, wanda ya rasu a 1187, ya mayar da littattafai fiye da 70 daga Larabci zuwa Latin. Wajen 1230 sharhohin Ibn Rushd sun shiga jami'o'in Turai, har ya zama in an ce Failasufi, Aristo ake nufi, in an ce Mai Sharhi, Ibn Rushd. Yahudawa ma sun ɗauka. Musa ibn Maimun ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci cikin baƙaƙen Ibrananci wajen 1190, littafin da ya raba kan malaman Yahudawa na kudancin Faransa.

Abin da ya faru a Bagadaza shi ya maimaita kansa a Paris. A 1210 aka hana koyar da littattafan Aristo na ɗabi'a. A 1255 jami'ar da aka yi wa hanin ta wajabta wa ɗalibanta karanta su. Toma Akwinas (1225-1274) ya yi wa Kiristanci irin aikin da Ibn Sina ya yi, ya kuma ari abubuwa da yawa daga gare shi da Ibn Maimun, amma ya yaƙi Ibn Rushd a kan ra'ayinsa cewa hankalin da ke fahimtar ma'anoni guda ɗaya ne ga dukan mutane, domin in haka ne, wa za a yi wa hisabi? Shi ne kuma ya gano cewa wani littafi da ya shigo daga Larabci da sunan Aristo, a kan sabubba, na Buruƙlus ne. Ranar 7 ga Maris 1277 Bishof na Paris ya la'anci mas'aloli 219, kuma wanda ya san Tahafut zai ga tsofaffin fuskoki a jerin: daɗewar duniya, sanin Allah ga ɗaiɗaiku, da makomar rai. Bai fi shekara 50 ba bayan haka aka ɗaga Akwinas zuwa matsayin waliyyi, Aristo ya zama katangar cocin da ta yi gudunsa, har sai da Galileo da ire-irensa suka rushe ilminsa na taurari da motsi a ƙarni na 17.

Littafin siyasar nan da bai isa Bagadaza ba ya shiga Latin wajen 1260, kai tsaye daga Girkanci. A cikinsa ne Aristo ya ce akwai mutanen da bayi ne a ɗabi'arsu. A 1550, a garin Valladolid na Sifen, Sepulveda, wanda shi kansa ya fassara littafin, ya kafa hujja da wannan magana cewa halal ne a yaƙi mutanen asalin nahiyar Amurka a mallake su, Las Casas kuwa ya tsaya yana musu. Ba kowane kaya na Aristo ne alheri ga waɗanda aka sauke wa ba. 'Yan mishan na Katolika sun kai manɗiƙinsa har ƙasar Sin, aka buga shi da Sinanci a 1631, amma bai sami masu karatu ba, domin jarrabawar shiga aikin sarki ba ta tambayarsa.

Kudancin Sahara

Abin da ya ƙetaro hamada ba littattafan Aristo ba ne, ba ma na Ibn Sina ba. Tatattun taƙaitattu ne, galibi cikin waƙa domin sauƙin hadda. Magili yana da waƙarsa ta manɗiƙi, wadda Ahmad Baba na Tumbuktu (1556-1627) ya ƙirga cikin abin da ya karanta wurin malaminsa Muhammadu Bagayogo. Wanda ya fi kowa tasiri kuwa wani ɗan garin su Magili ne, Muhammadu ibn Yusuf al-Sanusi, wanda ya rasu a 1490. Ɗan littafinsa Ummul Barahin bai wuce 'yan shafuka ba, kuma kafin ya ambaci sifa ko guda ta Ubangiji sai da ya raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Daga nan ya jera sifofi 20, samuwa da daɗewa da wanzuwa da saɓa wa fararru har zuwa ƙarshe, kowace da hujjarta. Sanusi abokin gaban masu falsafa ne, har ya gargaɗi mafara su nisanci littattafan Razi saboda cuɗanyarsu da maganar falsafa. Amma ma'aunin da ya auna tauhidinsa da shi, in aka bi sawunsa, ta Razi da Gazali da Ibn Sina ya biyo, har ya tuƙe ga takardun darasin Atina. Shi kansa ma yana da littafi a kan manɗiƙi.

A nan ma tunanin ya ɗauki launin ƙasa. Fulani malamai sun mayar da littafin Sanusi karatun baka cikin Fillanci, wanda ake kira Kabbe, kuma a ƙarshen ƙarni na 17 Muhammadu al-Wali ibn Sulaiman, wani Bafillace mazaunin Bagarmi, ya rubuta sharhinsa al-Manhajul Farid da Larabci a kan wannan tushe. Sai wasu suka wuce gona da iri. Tun da Sanusi ya tsananta a kan cewa kowane baligi ya san Ubangijinsa da hujja, sai suka ce duk wanda bai iya jero sifofin da dalilansu ba, imaninsa bai inganta ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a kanta ne ingancin aure da halaccin yanka da sallar gawa suke rataye, kuma a zamanin da ake kama mutane ana sayarwa, sunan kafiri yana iya jawo wa mutum igiya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754-1817), wanda shi ma ya koyar da tauhidi a kan tsarin Sanusi, ya yi ta rubutu yana yaƙar masu kafirta talakawa da wannan hujja, ya tsaya kan cewa wanda ya yi shahada ya bayyana Musulunci, Musulmi ne, asirin zuciya kuwa na Allah ne. Tambayar da ta sa shugabannin cocin Gabas suka yanka wa ɗalibai iyaka, wadda ta sa Ibn Rushd ya ce kada a buɗe wa gama-gari ƙofar tawili, ita ce ta sake fitowa a ƙauyukan Gobir da Zamfara: hujjar hankali ta kowa ce, ko ta 'yan kaɗan?

Yaron da ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar ilmi, da Ahalari yakan fara, ya koyi tsarki da salla. In ya yi nisa sai ya sake gamuwa da mai littafin, Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya, a wata waƙa ta manɗiƙi mai suna al-Sullam, wadda ya tsara a shekara ta 941 ta Hijira yana ɗan shekara 21. Ya bi tsarin wani ɗan littafi na Asiruddin al-Abhari, na ƙarni na 13, wanda har yanzu yake ɗauke da sunan nan na Farfuriyus, Isaguji. Akhdari ya kawo saɓanin malamai, ya ambaci waɗanda suka haramta da waɗanda suka kwaɗaitar, sa'an nan ya rinjayar da cewa halal ne ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riga ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Magili ya sami abin da yake so, amma da sharaɗin da zai ɗan kwantar wa Suyuɗi da rai.

A cikin gidan Shehu kansa an sami wanda ya zarce manɗiƙi ya leƙa falsafa. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa (1804-1864), ɗan Nana Hadiza, wanda ya yi makaranta a Salame, ya bar rubuce-rubuce a kan asalin jiki da rai da ruhi da makomarsu. A ɗaya daga cikinsu, Kulliyatul Alamis Sitta, ya yi magana a kan hayula, watau asalin abin da ake ƙera komai da shi kafin ya ɗauki wata sura. Kalmar ba ta Larabci ba ce. Masu fassarar Bagadaza ne suka bar ta yadda suka same ta a Girkanci, inda take nufin itace ko katako, kafin Aristo ya ɗauko ta daga bakin masassaƙa ya ba ta wannan ma'ana.